TARIHIN ƊAN BAWUL ƊIN DA YAKE SA A SAUKE INJI ALHALI LAFIYARSA ƘALAU

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhaja a gefe, mu leƙa cikin bonet ɗin mota. Na san wasu za su ce me ya haɗa mai gyaran waya da inji. To, abin da ya haɗa mu shi ne, kuskuren da ake yi a shagunanmu shi ake yi a gareji. Mutum zai kawo waya ba ta caji, a ce masa sai an canja fanel, alhali ƙura ce da zaren aljihu suka toshe bakin cajin. Irin haka ta kusa faruwa da motar yayana, shi ya sa na zauna na bi tarihin wani ɗan ƙaramin abu da ake kira bawul ɗin PCV. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma duk mai mota ko mai niyyar saya ya daure ya kai ƙarshe.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Yayana yana da wata mota 'yar Kwatano, mai shan fetur. Da ita yake ɗaukar kayan roba da leda daga Sharaɗa ya kai wa 'yan kasuwa a Singa da Sabon Gari. Ita ce abincin gidansa. Bara sai ta fara shan baƙin mai, duk inda ya faka sai ta bar ɗigo a ƙasa, in an buɗe gidan filtar iska sai a tarar da maiƙo a ciki. Ya kai ta wani gareji, mai garejin ya buɗe murfin zuba baƙin mai injin yana kunne, iska ta buso da ɗan hayaƙi, ya ce: "Alhaji, wannan injin ya gaji, sai ringin." Kuɗin da aka lissafa masa ya fi ribar da yake samu a wata uku.

Da ya dawo gida, Baba ya fito ya duba da kansa. Baba tsohon direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa babbar motar wani kamfanin jima a Challawa kafin a rufe shi. Shi ma murfin ya buɗe, ya kara tafin hannu, ya girgiza kai ya ce: "Gaskiya ya faɗa maka. Injin da yake busa haka ya gama nasa."

Mutum biyu masu sanin mota sun faɗi abu ɗaya, kuma dukansu ba ƙarya suka yi ba. Sun yi amfani ne da wani ilimi da ya daɗe yana aiki a Kano. Matsalar ita ce inji ya canja, ilimin bai canja ba. Bari mu bi abin daga tushe.

ME YA SA INJI YAKE NUMFASHI?

A cikin kowace silinda, mai da iska suna kamawa da wuta su tura fistin ƙasa. A jikin fistin akwai zobba da suke toshe tsakaninsa da bangon silinda, su ne ake canjawa in an ce za a yi ringin. Amma ko sabuwar mota ce fil daga kamfani, zobban nan ba sa toshewa ɗari bisa ɗari. Dole wani ɗan kaso na iskar da ta ƙone ya sulale ya gangara ƙasa, inda kiranshaf yake juyawa kuma baƙin mai yake kwance.

Wannan iskar ba tsaftatacciya ba ce. Akwai tururin ruwa a cikinta, akwai man da bai gama ƙonewa ba, akwai ƙunar hayaƙi, akwai sinadarai masu tsami da suke cin ƙarfe. In aka bar ta a kulle, abu biyu ne za su faru. Na farko, za ta cika wurin ta nemi hanyar fita da ƙarfi, sai ta turo baƙin mai ta gasket da oyil sil. Na biyu, ruwan da dattin za su gauraya da baƙin mai su zama wani baƙin taɓo mai kauri da yake toshe hanyoyin mai. Ke nan tun ranar da aka fara ƙera inji, dole ne a ba shi hanyar numfashi.

ZAMANIN BUTUTU A BUƊE

Dabarar farko mai sauƙi ce. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1920 har zuwa farkon shekarun 1960, yawancin motoci bututu ne kawai ake jona musu a jikin inji, a sako shi ƙasa, bakinsa a buɗe yana kallon titi. In mota tana gudu, iskar da take wucewa ta ƙarƙashinta sai ta riƙa zuƙo hayaƙin ta watsar. Sabuwar iska kuma tana shiga ta murfin zuba mai, wanda aka cusa wa wata raga don tace ƙura.

Dabarar tana aiki, amma sai mota tana gudu. In tana tsaye ko tana tafiyar hawainiya, ba zuƙa. Shi ya sa motocin raba kaya a cikin gari, masu tsaya nan tsaya can, suka fi tara taɓo a inji. Sannan bututun yana ɗigar da mai, har tsakiyar kowane hannun titi ya riƙa yin baƙin layi. In mota ta shiga ruwa mai zurfi kuwa, ta bututun ruwan zai bi ya shiga inji.

Wannan na ƙarshen ne ya dami sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. Ana son tankokin yaƙi su riƙa ratsa ruwa ba tare da injin ya sha ba. Sai aka toshe bututun, aka juya hayaƙin ya koma cikin hanyar da inji yake shaƙar iska. Bayan yaƙi ba a ga amfanin abin a motar gida ba, aka ci gaba da bututu a buɗe.

BOMPAI, SHARAƊA DA CHALLAWA: INDA BAKANIKENMU SUKA KOYI SAURARON INJI

Mu dawo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga zamanin dalar gyaɗa da su Alhassan Ɗantata. Kusa da layin dogo, a gabas da birni, Bompai ta zama unguwar masana'antu ta farko tun zamanin Turawa: masu matse man gyaɗa, majemu, masu sabulu da alewa, daga baya har da kamfanin kekunan Raleigh. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, aka zo zamanin Gwamna Audu Baƙo da kuɗin man fetur na shekarun 1970, sai masana'antu suka bazu zuwa Sharaɗa, wadda aka yanka kashi uku, da kuma Challawa can wajen Panshekara a bakin kogi, inda majemun fata suka yi yawa. A wancan lokacin in an cire Legas, ba garin da ya kai Kano masana'antu a Najeriya.

A daidai wannan zamanin ne aka kafa manyan kamfanonin harhaɗa motoci a ƙasar nan. Peugeot ta fara aiki a Kaduna a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, mu kuma a Kano aka kafa NTM a hanyar Zariya, mai harhaɗa manyan motoci da taraktocin Fiat.

To me ya kawo wannan cikin maganar bawul? Masana'anta ba ta tafiya sai da inji. Akwai manyan motocin da suke kawo fata da gyaɗa da auduga su kwashi kaya, akwai manyan janareto saboda wutar NEPA ba ta da tabbas. Kusan dukansu masu shan gas ne, wato dizal. Shi kuwa injin dizal na da, bututun numfashinsa a buɗe yake, kuma ya daɗe a haka fiye da na fetur. Dalili shi ne, shi ba ya da maƙogwaron da ake shaƙewa da totur kamar na fetur, don haka babu wata zuƙa mai ƙarfi a manifol ɗinsa da za ta janye hayaƙin. Ko a Amurka sai a 2007 doka ta fara lissafa hayaƙin wannan bututu a manyan injinan dizal masu turbo.

A irin wannan inji, gwajin su Baba daidai yake. Bututu ne a buɗe, ba abin da zai toshe a hanya. In ka ga hayaƙi yana tuttuɗowa daga bakinsa fiye da yadda aka saba, to yawanci daga zobba yake. Direba zai kara hannu ya san lafiyar injinsa, bakanike zai kalli bututu daga nesa ya ce wannan saura kaɗan. Ilimi ne na gaske, kuma ya ciyar da gidaje da yawa.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin SAP a mulkin Janar Babangida, darajar naira ta faɗi, kayan aiki daga waje suka yi tsada, ga matsalar wuta, ga kayan fasa-ƙwauri. Kamfanoni da dama a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rage aiki ko suka rufe, wasu suka koma sito. Direbobi da bakaniken da suka ƙware a can da yawa suka dawo bakin titi suka buɗe gareji, suka yaye yara, yaran ma suka yaye nasu. A ganina ta nan muka gaji wannan hukuncin na "inji yana busa, sai ringin". An gaji hukuncin, amma ba a gaji irin injin da aka yi hukuncin dominsa ba.

HAYAƘIN DA YA RUFE LOS ANGELES

Me ya canja injin? Amsar tana Amurka, a daidai shekarun da Bompai take tasowa. Ranar 26 ga Yulin 1943, wani hazo mai yaji ya rufe birnin Los Angeles na Jihar Kalifoniya. Idanu suna hawaye, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, ba a ganin nesa. Saboda ana cikin yaƙi, wasu suka zaci Japan ce ta kawo harin iska mai guba. Daga baya aka ɗora laifin a kan wata masana'anta da take haɗa sinadarin yin roba, aka dakatar da ita. Hazon bai daina zuwa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda ya gano jakin wani malamin kimiyyar sinadarai ne ɗan asalin ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, da yake koyarwa a jami'ar Caltech. Abin dariya, shi bincikensa a kan ƙanshin abarba yake. Da hazon ya ishe shi, sai ya juya na'urorinsa kan iskar garin. Zuwa 1952 ya nuna cewa tururin man da bai ƙone ba, in ya haɗu da wasu iskoki na hayaƙin inji, rana ta doke su, su ne suke zama wannan hazon, kuma motoci ne manyan masu laifi. Kamfanonin mota da na mai ba su ji daɗin maganar ba, amma gwaje-gwajen da aka sake yi suka tabbatar da ita.

A 1958 masu bincike na kamfanin General Motors suka gano cewa ba salansa kaɗai ba ce. Wannan bututun na ƙasa da ba wanda ya damu da shi, yana fitar da babban kaso na man da bai ƙone ba. Sai aka tuna da dabarar tankokin yaƙi. Aka ɗauko ta aka gyara, aka sa wa motocin samfurin 1961 da ake sayarwa a Kalifoniya. Zuwa 1964 yawancin sababbin motoci a Amurka suna da ita, zuwa 1968 kuma aka koma rufaffen tsari gaba ɗaya, wanda ba ya barin komai ya fita waje. Wannan ɗan bawul shi ne na'ura ta farko da aka fara sa wa motoci da yawa don rage gurɓata iska, tun kafin a san katalis ɗin da ake yankewa a salansa ana sayarwa yanzu.

Masu mota kuma suka samu riba da ba ita aka nufa ba: tunda yanzu ana share cikin inji ko mota tana tsaye, baƙin mai ya fi daɗewa da tsafta, inji ya fi tsawon rai.

YADDA BAWUL ƊIN YAKE AIKI

Haruffan PCV taƙaitawa ce ta sunan Turanci da yake nufin fitar da iskar cikin inji da ƙarfin zuƙa, ba a jira ta fita da kanta ba. Girman bawul ɗin bai wuce babban yatsa ba. A yawancin motocin Japan yana kan murfin saman inji, ko dai a cusa cikin wata roba ko a ɗaure da zare kamar noti, da tiyo da ya tafi manifol. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da sifirin.

In mota tana silo, zuƙar manifol tana da ƙarfi sosai, sai ta ja ɗan ƙarfen ya rage hanya, don kada iska ta yi yawa silo ya lalace. In ka taka totur kana tafiya, zuƙar ta ragu, sifirin ya tura ƙarfen, hanya ta buɗe, hayaƙi mai yawa ya wuce ya koma silinda ya ƙone. In wuta ta yi baya ta manifol, sai bawul ɗin ya rufe gam don kada ta kai ga baƙin mai. Akwai kuma tiyo na biyu daga wajen filtar iska, shi yake kawo tsaftatacciyar iska ta maye gurbin wadda aka zuƙe.

Ga inda gwajin da ya fara kuskure. A tsohon inji hanya a buɗe take. A wannan kuwa akwai ƙofa a hanya, kuma ƙofa tana iya toshewa. In ta toshe, ɗan hayaƙin da kowane lafiyayyen inji yake yi zai taru ya rasa mafita. Kana buɗe murfin mai zai buso maka, kamar dai injin da zobbansa suka cinye.

YADDA YA SAME MU A KANO

Bayan SAP sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, aka koma 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. Duk motar fetur da ta fito daga Amurka ko Turai ko Japan a shekarun nan tana da wannan tsarin, kuma tana isowa ne bayan ta yi shekaru a titi. Wata ba a taɓa cire bawul ɗinta ba tun daga kamfani. Wasu ma da taɓonsu suke zuwa. Misali, a 2002 kamfanin Toyota ya amince zai ɗauki nauyin gyaran matsalar taɓon inji a wasu motocinsa na 1997 zuwa 2002 a Amurka, ciki har da Camry da Sienna, kuma kun san yawansu a titunanmu.

Sai kuma yanayinmu ya ɗora nasa. Zafin Afrilu da Mayu yana busar da tiyo ya tsage. Ƙurar hunturu tana shiga ta duk inda ta samu kafa. Cunkoso a Kurna ko 'Yan Kura ko Ɗan Agundi yana sa inji ya daɗe a silo. Gajeruwar tafiya, daga gida zuwa makarantar yara a dawo, ba ta barin mai ya yi zafin da zai kori ruwan cikinsa. Ga jinkirin juye, ga baƙin man awo da ba a san asalinsa ba. Duk waɗannan abincin taɓo ne, taɓon kuwa bawul yake fara toshewa.

Wani abin da na gani da idona ya fi ba ni tsoro: a cire tiyon a toshe shi da noti ko tsohon fulogi, ko a bar shi yana lilo. In ka toshe, ka kulle hayaƙi a ciki. In ka bar shi a buɗe, ka mayar da motarka 1950, kuma ka buɗe wa ƙura ƙofa.

ALAMOMI

In bawul ko tiyo ya toshe:
1. Yoyon mai ta gasket ɗin murfin sama da oyil sil, a canja ya dawo.
2. Maiƙo a gidan filtar iska.
3. Gejin duba mai yana ɗagowa da kansa.
4. Baƙin taɓo a ƙarƙashin murfin zuba mai.

In ya maƙale a buɗe, ko tiyo ya tsage:
1. Silo yana rawa, ko yana hawa da sauka, ko mota tana mutuwa a tsaye.
2. Ƙara kamar fito daga wajen inji.
3. Shan baƙin mai ba tare da yoyo ba, da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa.
4. Fitilar inji ta kama, in an sa kwamfuta ta nuna lamba irin P0171, wato iska ta fi mai yawa.
5. Ƙarin shan fetur, wanda tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ba wanda yake wasa da shi.

GWAJIN DA ZA KA IYA YI DA KANKA

Kafin komai, ka naɗe hannun riga, kada ka sunkuya kan inji da babbar riga ko rawani yana lilo, saboda fanka da fanbel. Ka kuma kula da zafi.

Na ɗaya, nemo wurinsa. Rubuta sunan motarka da shekararta da PCV a YouTube, za ka ga inda yake. Wayar da take hannunka ta isa.

Na biyu, mota a kashe, cire shi ka girgiza kusa da kunne. In ka ji ƙaras-ƙaras, ɗan ƙarfen yana motsi. In shiru, ya maƙale. Amma ƙarar kaɗai ba shaida ba ce, sifirin yana iya yin sanyi kuma ya yi ƙara.

Na uku, in irin na cusawa ne, bar shi a jikin tiyonsa, ta da mota, ɗora yatsa a bakinsa. Ya kamata ka ji yana zuƙar yatsanka sosai. In babu zuƙa, ko shi ko tiyon ko bakin manifol ya toshe.

Na huɗu, mayar da shi, buɗe murfin zuba mai a silo, ɗora takarda mai ɗan kauri a bakin. A lafiyayyen tsari za ta ɗan manne ko ta riƙa karkarwa a wurin. In ana hure ta da ƙarfi, akwai cikowa a ciki. In kuma murfin ya ƙi buɗuwa saboda tsananin zuƙa, to zuƙar ta wuce ƙima. An fi ganin haka a motocin Jamus irin su Volkswagen da Audi da BMW, waɗanda da yawansu faifan roba ne a madadin ɗan ƙarfe, kuma yana yagewa. A wasu ma haɗe yake da murfin saman inji.

Na biyar, matsa tiyoyin biyu da yatsa. Wanda ya bushe kamar ƙirare, ko ya yi laushi ya lotse, ko ya cika da taɓo, a canja shi. A sa tiyo mai jure mai, ba na ruwa ba.

In bawul ɗin ƙarfe ne, ana iya wanke shi da feshin wanke kafireto a lallaɓa, amma canjawa ta fi, don yana cikin kayan inji mafi araha. Ka tafi da tsohon Ƙofar Ruwa, a ba ka mai lambarsa daidai, saboda kowane inji da ƙarfin sifirin ɗinsa. Kamar batirin waya ne, shiga ba ita ce dacewa ba. Ka haɗa da robar da yake zama a ciki.

AMMA FA WANI LOKACIN RINGIN ƊIN NE

Kada wani ya je ya yi wa bakanikensa rashin kunya ya ce ni na aike shi. Zobba suna cinyewa da gaske, kuma in sun cinye, sabon bawul ba zai yi komai ba. Abin da nake cewa shi ne a bi mataki. In an gyara numfashi amma injin bai daina busa ba, sai a auna matsin kowace silinda da geji ta ramin fulogi. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata ɗan baƙin mai kamar cokali a sake aunawa. In matsin ya tashi sosai, zobba ne. In bai tashi ba, a duba bawul-bawul ɗin kan silinda ko gasket. Haka kuma in ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a murfin mai kuma ruwan lagireto yana raguwa, wannan maganar tof gasket ce, kada ka tsaya wasa da PCV.

YADDA TA ƘARE DA MOTAR YAYA

Na ce wa Yaya ya ba ni yini ɗaya kafin a kwance komai. Muka cire bawul ɗin, na girgiza, shiru kamar dutse. Tiyonsa kuwa ya cushe da baƙin abu kamar kwalta. Muka sayo sabo da tiyo, aka yi juye, sannan muka nemi wani bakanike mai geji ya auna silinda huɗun, duk suka zo kusa da juna. Oyil sil ɗaya ya riga ya lalace, dole aka canja shi. Har yanzu tana ɗan shan mai kaɗan irin na tsohuwar mota, amma yoyo ya tsaya, kuma ba a sauke inji ba. Tana nan tana jigilar Sharaɗa zuwa Singa.

Na kai wa Baba tsohon bawul ɗin. Ya juya shi a hannu, ya busa, iska ta ƙi wucewa. Ya ce: "Ikon Allah. Mu a zamaninmu babu wannan. Ashe raina kama ne." Sai ya jefa shi a aljihu, ya ce zai nuna wa abokansa a majalisa, don akwai wanda aka sauke wa inji kwanan baya.

Don haka jama'a, duk wanda aka ce masa sai ringin, ya yi tambaya biyu cikin ladabi: "Oga, an duba PCV? An auna silinda?" Bakanike na ƙwarai ba zai ji haushi ba. In kana da ɗan'uwa direba ko yaron gareji, tura masa wannan. Wanda kuma ya yi aiki a garejin wani kamfani a Bompai ko Sharaɗa ko Challawa a wancan zamanin, muna son jin yadda kuke yi, a gyara mana inda muka yi kuskure. A darasi na gaba za mu koma fagenmu, mu ga yadda ake haɗa 'yar na'urar OBD2 da waya ta Bluetooth a karanta lambobin matsalar mota. Allah Ya tsare mu da asara, Ya sa albarka a sana'o'inmu.